Waiwaye: Yadda tsaron imel ya riƙa zuwa bayan ɓarna

Tsarin aika wasiƙa ta intanet da duniya ke amfani da shi a yau ya girmi yawancin masu amfani da shi, kuma an gina shi ne a wani zamani da kusan duk waɗanda ke kan layin sun san juna. A shekarar 1971 ne Ray Tomlinson, injiniya a kamfanin BBN na Amurka, ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, ya kuma zaɓi alamar @ domin ta raba sunan mutum da sunan na'urar da yake kai. A watan Agustan 1982 Jon Postel ya fitar da ƙa'idar SMTP, wadda har gobe ita ce yaren da sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da miƙa wasiƙu, ke magana da 'yar uwarta. Jami'o'i da cibiyoyin bincike ne suka cika layin a lokacin, don haka abin da ya dami masu tsarawa shi ne saƙo ya isa, ba wai a binciki wanda ya aiko shi ba.

Wanda ya duba yadda wannan zance ke gudana zai ga inda matsalar take. Sabar mai aikawa takan ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 25, ta gaisa da kalmar HELO, ta faɗi sunan mai aikawa bayan MAIL FROM, ta faɗi na mai karɓa bayan RCPT TO, sannan ta zuba saƙon. A ƙa'idar ta asali babu wani mataki da ake neman shaidar cewa sunan da aka faɗa na gaskiya ne. Kamar ambulan ne da mutum zai rubuta sunan da ya ga dama a bayansa, gidan waya kuma ya kai ba tare da tambaya ba. Haka kuma saƙon yana tafiya a fili, duk wanda ke tsaye a kan hanyarsa yana iya karanta shi.

Gargaɗi na farko mai zafi ya zo ne ranar 2 ga Nuwamban 1988, lokacin da Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ta bi shi ne wata kafa da aka bari a buɗe a cikin sendmail, manhajar da yawancin sabobi ke sarrafa imel da ita, kafar da aka tanada domin gwaji amma aka manta ba a rufe ba; ta kuma riƙa cankar kalmomin sirri masu sauƙi. An ƙiyasta cewa ta kama kwamfutoci kusan 6,000 daga cikin kimanin 60,000 da ke kan intanet. A wannan watan aka kafa cibiyar CERT a Jami'ar Carnegie Mellon domin haɗa kan masu kai ɗauki idan an samu kutse, kuma irinta ce ƙasashe da dama suka kwaikwaya daga baya, har da Najeriya mai ngCERT. Morris bai shiga gidan yari ba: an yanke masa shekara 3 na zaman sa ido, da awa 400 na aikin al'umma, da tarar da ta ɗan haura dala 10,000.

Da aka buɗe intanet ga 'yan kasuwa a shekarun 1990, wata ɗabi'a da a da ake ɗauka a matsayin kirki ta zama masifa. Sabobi sun saba karɓar saƙon kowa su miƙa shi gaba ko da ba su san mai shi ba, masu watsa saƙonnin banza kuwa suka mayar da su jakunan dakonsu, suna tura dubban wasiƙu ta sabar wasu su ɓoye sawunsu. Sai a 1998 ne sendmail ta fito da sigar da ke hana wannan miƙawa tun daga tushe. A wannan zamanin ne kuma wasiƙun damfarar da ake kira 419, sunan da ya samo asali daga wani sashe na dokar manyan laifuka ta Najeriya, suka ƙaura daga takarda da na'urar faks zuwa imel.

Batun ɓoye abin da ke cikin saƙo ya bi tasa hanyar mai jan ƙafa. Phil Zimmermann ya fitar da PGP, manhajar kulle saƙo yadda mai makulli kaɗai zai iya karanta shi, a 1991, gwamnatin Amurka ta yi shekaru tana bincikensa kafin ta janye a 1996, amma manhajar ba ta taɓa zama ta kowa da kowa ba saboda wahalar sarrafa makullanta. A 1999 aka ƙara wa SMTP umarnin STARTTLS, wanda ke bai wa sabobi biyu damar kulle zancensu, sai dai an bar shi a matsayin zaɓi: idan ɗaya ba ta iya ba, sai a koma aikawa a fili. Manyan kamfanoni ba su ɗauki abin da muhimmanci sosai ba sai bayan tonon sililin da Edward Snowden ya yi wa leƙen asirin gwamnatin Amurka a 2013.

Toshe kafar sunan bogi ya fi komai ɗaukar lokaci, kuma da faci uku aka yi shi. SPF, wanda aka wallafa a 2006, yana bai wa mai adireshi damar sanar da duniya sabobin da ya yarje su aika saƙo da sunansa. Rauninsa shi ne yakan karye idan an miƙa saƙo daga wani akwati zuwa wani. DKIM, wanda ya fito a 2007 daga haɗa ayyukan Yahoo da Cisco, yana sa wa saƙo hannu da makullin sirri yadda mai karɓa zai gane ko an taɓa shi a hanya. Duk su biyun ba su faɗi abin da za a yi da saƙon da ya faɗi jarrabawa ba, kuma ba su tilasta a duba sunan da mai karatu ke gani a allonsa ba. Wannan giɓin ne DMARC ya zo cikewa a 2012, da goyon bayan kamfanoni irin su Google da Microsoft da Yahoo da PayPal. A nan mai adireshi yana zaɓar ɗaya cikin uku: a bar saƙon ya wuce a dai aiko masa da rahoto, ko a jefa shi cikin akwatin shara, ko a ƙi karɓarsa gaba ɗaya. Shekara 30 ke nan tsakanin ƙa'idar Postel da wannan gyara, kuma ko a lokacin ba wanda aka tilasta wa. Sai a Oktoban 2017 ne ma Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka ta umarci hukumomin tarayya su kai matakin ƙin karɓa cikin shekara guda.

Ko da an kammala waɗannan duka, ba su hana wanda ya yi rajistar suna mai kama da na wani, ko wanda ya saci kalmar sirrin ma'aikaci ya aika saƙo daga akwatinsa na gaskiya. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan Lithuania, Evaldas Rimasauskas, ya kafa kamfani mai suna irin na Quanta Computer na Taiwan, ya riƙa aika wa Google da Facebook takardun neman biya na ƙarya ta imel, har ya karɓe fiye da dala miliyan 100 kafin a kama shi. A 2019 aka ɗaure shi shekara 5. Idan kamfanonin da suka taimaka wajen rubuta ƙa'idojin sun faɗa wannan tarko, to ba ƙarancin fasaha ba ne ya jawo, rashin tabbatar da lambar asusu ta wata hanya dabam ne kafin a saki kuɗi.

Ita kanta sabar ba ta daina zama abin hari ba. Ranar 2 ga Maris na 2021 Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa ga Exchange, manhajarsa ta sabar imel, yana mai cewa wata ƙungiya da ya kira Hafnium, wadda ya danganta da China, tana amfani da kafofin da ba a san da su ba. Kafin masu kula da sabobi su farga, wasu gungun masu kutse sun riga sun afka wa dubban ƙananan kamfanoni da makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi, sun dasa ƙofofin baya da sanya gyaran ba ya cirewa. A watan Afrilu hukumar FBI ta samo izinin kotu a jihar Texas, ta shiga ɗaruruwan sabobin mutane da kanta ta goge waɗannan ƙofofi, matakin da ya nuna yadda sabobi da yawa ba su da mai duba su. Waɗanda suka ajiye imel ɗinsu a rumbun Microsoft na intanet wannan harin bai shafe su ba, abin da ya ƙara ingiza ƙananan ma'aikatu su daina riƙe sabar kansu, duk da cewa hakan yana tattara wasiƙun duniya a hannun kamfanoni ƙalilan.

Wannan tattaruwar ce a ƙarshe ta samar da tilascin da ƙa'idoji suka kasa samarwa. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta wa masu aika saƙo da yawa su yi amfani da SPF da DKIM da DMARC, inda Google ya sa iyakar a kan saƙo 5,000 a rana zuwa akwatunan Gmail. Sharaɗin bai nemi mataki mai tsauri ba: mai aikawa ya cika shi ko da ya zaɓi mafi sauƙi a cikin zaɓi ukun na DMARC, wato a bar saƙon bogi ya wuce a aiko masa da rahoto.