Ruwa ya ɗauke: aikin kaka a lambun renon tsirrai

Daga tsakiyar Oktoba, da zarar ruwan sama ya ɗauke a ƙasashen Kano, Katsina da Maraɗi, hankalin kowa a gida yakan koma gona: girbin dawa, cirar gyaɗa, roron wake. A waɗannan 'yan makonni ne lambun renon tsirrai na gida ya fi tafka asara. Itacen da ke cikin leda ba daidai yake da na gona ba. Ƙasar da yake ci ba ta wuce cikin kwano ɗaya ba, kwana biyu ko uku na zafin Oktoba kuwa sun isa su busar da ita ƙurmus. Saboda haka maigida ya ware mutum guda ya ɗora masa ban ruwa, safe da yamma. Idan aka bar shi a hannun kowa, wannan zai zaci wancan ya yi.

Kafin a zuba ruwa, a cusa yatsa cikin ledar. In akwai danshi, a wuce ta gaba. Idan hunturu ya kankama a Disamba, sau ɗaya da safe yakan wadatar ga waɗanda ke ƙarƙashin rumfa.

Mangwaro, gwaiba, lemo da darbejiyar da ba a sayar da damina ba, kada a yi gaggawar dasa su yanzu sai in akwai rijiya kusa. A ɗaga kowace leda a duba ƙasanta. Galibi za a tarar saiwa ta huda ta shige ƙasa, kuma in aka ƙyale ta har watan Yuni, ranar da mai saye ya fizge ledar ranar itacen zai fara mutuwa. A sa wuƙa mai kaifi a yanke saiwar daidai gindin leda, da yamma, a ba da ruwa nan take, a riƙa maimaitawa duk bayan mako biyu zuwa uku. Mangwaron da aka yi wa aure da damina kuma, wato aka ɗaura masa reshen wani irin mangwaro, a kwance ɗaurin kafin ya shaƙe reshen, a tsinke duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar. Wannan tohon na uwar ne, wato itacen da aka yi auren a kansa, in ya yi ƙarfi zai kashe irin da aka aura, mai saye ya shekara huɗu yana jira ya tashi da ɗan ƙaramin mangwaro mai zare.

Da an kwashe amfanin gona za a saki dabbobi, kuma a lokacin babu wani kore a unguwa sai lambunku. Akuya ɗaya ta isa ta aske layi guda kafin a idar da sallar Azahar. A gyara shinge tun kafin a gama girbi. Karan dawa da na gero suna nan a banza, a yi danga da su, a ƙara zana ta arewa maso gabas inda iskar hunturu ke shigowa. A share busasshiyar ciyawa kamar taku uku kewaye da dangar saboda gobara.

Kuɗin kaka dai yana wurin irin noman rani: tumatir, albasa, tattasai, attarugu da kabeji. Masu lambu a Kadawa, Kura da sauran wuraren ban ruwa suna neman dashe daga Oktoba zuwa Disamba, wanda ya makara kuwa sai ya sayar da arha. A yi fangali mai faɗin mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba. A tara kara a kansa a ƙone, zafin yana rage ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Bayan ya huce a cakuɗa taki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona tsiro, yana kuma kiran gara.

A ja layuka tazarar santimita 10, zurfin santimita 1, a zuba iri sama-sama. Yayyafa iri da yawa wuri guda shi ne tushen ciwon da ya fi kashe reno: tsiro ya fito lafiya, bayan kwana kaɗan gindinsa ya yi siriri ya yi baƙi daidai bakin ƙasa, ya kwanta. Cunkoso, yawan ruwa da inuwa mai duhu ne ke haddasa shi. Da an gani, a cire waɗanda suka kamu har da ƙasarsu, a rage ruwa, a buɗe rumfar rana ta shiga. Ciyawar da aka lulluɓe fangalin da ita ma a ɗauke ta da zarar tsiro ya leƙo, wajen kwana 5 zuwa 7 ga tumatir. In an yi jinkiri zai miƙe dogo, fari, ba ƙwari.

Gram 200 zuwa 300 na irin tumatir ya isa hekta ɗaya, albasa kuwa kilo 3 zuwa 4. Tumatir yakan isa dashe a mako 3 zuwa 4, tattasai da attarugu mako 5 zuwa 6, albasa mako 6 zuwa 8, lokacin da wuyanta ya kusa kaurin fensir. Saura mako guda a cire, a rage ruwa a ɗauke inuwa domin tsiron ya saba da wahala.

A riƙa juya ganyen tumatir ana duba bayansa. Farin ƙuda ke yaɗa cutar nannaɗewar ganye, tsutsar nan da manoman Kano ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna a 2016, ita kuma takan bar farin tabo kamar zane a cikin ganye. Dashe mai ɗauke da su zai kai cutar har gonar mai saye. A daka rabin kilo na ƙwayar darbejiya, a jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma sau ɗaya a mako.

Sai tanadin iri. Bagaruwa da zogale a tsinke su daga itace mai lafiya bayan sun bushe a sama, a ƙara shanyawa a inuwa, a zuba a kwalba da ɗan toka, a rubuta suna da wata a jiki. Masu taurin ɓawo irin su bagaruwa da gawo, ana gobe shuka a tafasa ruwa, a sauke, a zuba su ciki su kwana. Irin darbejiya kam ba ya ajiyuwa, cikin 'yan makonni yake mutuwa, don haka wanda ya rage tun damina a daka shi a yi maganin feshi.