Farin Ɗango: A Kai Rahoto Tun Kafin Su Yi Fiffike

'Yan'uwa manoma na Illela, Gada, Tangaza da sauran garuruwanmu na bakin iyakar Nijar, farar da ke tasowa daga hamada ba da halin ɓarna ake ƙyanƙyashe ta ba. Idan tana ita kaɗai, gudun 'yan'uwanta ma take yi. Cunkoso ne ke sauya ta.

In ruwa ya sauka a hamada ciyawa ta fito, sai su yi ta hayayyafa. Da ciyawar ta fara bushewa, sai duk su tattaru a kan ɗan koren da ya rage, wannan na gogar wancan. Gogayyar ƙafafun baya, da ganin juna da jin warin juna, su ne ke tayar da wani sinadari a jijiyoyin ƙirjinsu, ana ce masa sirotonin. Mu ma muna da shi a ƙwaƙwalwa da hanji. Masana daga jami'o'in Oxford da Cambridge sun nuna a 2009 cewa sinadarin kan ninka kusan sau uku, kuma cikin kamar awa 2 farar da ke gudun taro ta koma neman taro. Da suka toshe aikinsa, ko an cusa farin wuri ɗaya ba sa sauya hali. Launi kan biyo baya: 'ya'yan su koma rawaya da baƙi, suna tafiya a ƙasa ayari guda.

Wannan ayarin ne nake roƙon ku sa wa ido. A ƙasa ana iya cin ƙarfinsu. In suka yi fiffike kuwa, sai dai addu'a, domin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce garke mai faɗin murabba'in kilomita 1 kan cinye abincin mutum 35,000 a yini. Wanda ya gan su, ya sanar da mai unguwa ko malamin gona ran nan, ya faɗi wurin da launinsu.

Sai maganar feshi. Yawancin magungunan jijiyar ƙwaro suke kamawa, kuma tamu jijiyar ba ta tsira ba. Na san daɗin soyayyar fara da yaji, amma kada a tsinci wadda ta faɗi bayan feshi, balle a kai ta kasuwa. Wanda ya yi feshi ya ji jiri, amai, zufa ko dalalar miyau, a tuɓe masa kayan, a wanke shi da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da robar maganin. Madara ko manja ba sa karya wannan gubar.