Abin da baki ya kasa faɗa, a ba hannu takarda

A ɗakin da muke raba maganin tarin fuka, akwai majinyatan da jiki ke warwarewa amma zuciya na nan a cunkushe. Ka tambaye su, su ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi", alhali in dare ya yi barci ba ya zuwa, sai tunanin mutuwa. Irin waɗannan nakan miƙa musu takarda da fensir mai launi.

Ba ni na ƙirƙiro ba. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, yana jinyar wannan ciwon ne ya lura zane na rage masa ƙunci, ya shiga koya wa 'yan uwansa majinyata, kuma a 1942 ya raɗa wa abin suna jinya da zane. Shi kuwa mai zane Edvard Munch na ƙasar Norwe, tarin fuka ya ɗauke mahaifiyarsa yana ɗan shekara 5, ya dawo ya ɗauke yayarsa Sophie a 1877. Da ya girma ya zana ta a gadon jinya, ya sake, ya sake, har sau 6 cikin kimanin shekara 40. Akwai makokin da sadakar arba'in ba ta rufe shi.

Na san wasu za su ce ai zanen mai rai ne. To wa ya ce dole sai mutum ko dabba? Muna da zayyanar allon sauka, muna da dagi a jikin bango, muna da ƙunshi. Mutum ya zana bishiyar ƙofar gidansu, ko hular marigayi, ko ma ya yi ta shafa launin da ya dace da abin da ke ransa. Wannan bai hana addu'a ba, bai kuma soke haƙuri ba.

In yaro ne da ya rasa uwa ko uba, kada a ce masa zanen bai yi kyau ba, kada kuma a yi masa fassara. A zauna kusa da shi a ce, "Ba ni labarin wannan." In ya yi shiru, a ƙyale shi.

Amma fa zane ba ya maye gurbin asibiti. Wanda ya haura mako 2 ba ci, ba barci, ba walwala, a kawo mana shi. Wanda ya fara zancen gara ya mutu kuwa, ranar za a kawo shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki.