Mene ne tsarin agajin gaggawa a filin wasa, kuma ina kyamara take kallo idan ɗan wasa ya faɗi?

Duk lokacin da ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi ana tsaka da wasa, za ka ji hukumar gasar ta fito tana cewa an bi tsarin agajin gaggawa. Abin da ake nufi shi ne rubutaccen shiri da ake kammalawa tun kafin a busa usur: wa zai fara rugawa wurin ɗan wasan, wa ke riƙe da na'urar farfaɗo da zuciya, ta wace ƙofa motar asibiti za ta shigo, wane asibiti za a nufa, wa ke da ikon cewa an tashi wasa. Akwai kuma ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, wato abin da gidan talabijin zai nuna wa mutanen da ke gida yayin da ake fafutukar ceto rai.

An gina tsarin ne a kan mafi munin abin da zai iya faruwa, wato tsayawar zuciya kwatsam. Mutane kan haɗa shi da ciwon da ke zuwa idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, amma sun bambanta. A nan lantarkin da ke daidaita bugun zuciya ne ke rikicewa, sai zuciyar ta koma karkarwa maimakon harba jini, ƙwaƙwalwa kuma ta fara rasa iskar da take rayuwa da ita. Likitoci sun kiyasta cewa duk minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira tana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Shi ya sa hukumar FIFA take koyar da cewa duk ɗan wasan da ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, kuma bai amsa kira ba, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar da akasin haka. A fara danna ƙirji nan take, sau 100 zuwa 120 a minti, a kuma kai ga jona masa na'urar cikin minti uku. Abin da ke yaudarar mutane shi ne mai wannan hali yakan yi shure-shure kamar mai farfaɗiya, ko ya riƙa jan numfashi sama-sama, sai a zaci yana nan lafiya, a tsaya ana yi masa fifita.

Da rayukan mutane aka koyi wannan darasi. Ranar 26 ga Yunin 2003 Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Lyon na Faransa, ana wasa da Kolombiya, bai kuma tashi ba. Bayan rasuwarsa FIFA ta fara matsa wa ƙasashe su binciki zuciyar 'yan wasa kafin manyan gasa. A Ingila kuwa, fashewar ƙoƙon kan Petr Čech, mai tsaron gidan Chelsea, a wasansu da Reading a 2006 ne ya sa gasar Firimiya ta wajabta ajiye motar asibiti ta musamman domin 'yan wasa. An ga amfanin hakan a Maris 2012, lokacin da Fabrice Muamba na Bolton ya faɗi a filin Tottenham. Zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta bugawa da kanta, amma tun daga kan ciyawa har asibiti ba a daina danna ƙirjinsa ba, kuma ya rayu.

Gasar NFL, ta wasan ƙwallon Amurka (American football), tana da wata al'ada da ta dace kowa ya kwaikwaya. Awa ɗaya kafin kowane wasa, likitocin ƙungiyoyin biyu, ma'aikatan motar asibiti da alƙalan wasa suna haɗuwa, kowa ya ga fuskar ɗan'uwansa, a maimaita aikin kowa. Da Damar Hamlin na Buffalo Bills ya faɗi a Cincinnati ranar 2 ga Janairun 2023, bayan karon da ya same shi a ƙirji daidai lokacin da zuciya ke tsakanin bugu da bugu, babu wanda ya tsaya tambayar ina na'ura take. An dawo da bugun zuciyarsa a fili, daga baya ma ya koma wasa.

Ɓangaren talabijin ya fi sarƙaƙiya, kuma nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. A manyan gasa ba kowace tasha ce ke da kyamarorinta a fili ba. Kamfani ɗaya ne ke ɗaukar hoton a madadin masu gasar, darakta ɗaya a cikin mota cike da allunan kallo yana zaɓar abin da za a gani, sannan a rarraba wa tashoshin duniya. Tashar da kake kallo ba ita ke juya kyamara ba, amma tana da maɓalli guda a hannunta: za ta iya yanke hoton ta koma ɗakin masu sharhi duk lokacin da ta ga dama.

Ranar 12 ga Yunin 2021 aka ga abin da ke faruwa idan aka yi jinkirin taɓa wannan maɓalli. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi dab da hutun rabin lokaci a wasan Denmark da Finland a Copenhagen. Alƙalin wasa Anthony Taylor ya kira likitoci cikin daƙiƙu, kyaftin Simon Kjær yana cikin waɗanda suka fara isa gare shi. Amma hoton da ke zuwa gidaje ya ci gaba da nuna ana danna masa ƙirji, ya kuma juya kan uwar 'ya'yansa tana kuka a gefen fili. 'Yan wasan Denmark ne da kansu suka yi da'ira suka kewaye shi, da yawansu sun juya baya suna hawaye, domin su kare shi daga idon duniya. BBC ta karɓi ƙorafi sama da 6,000, ta nemi afuwa, ta kuma bayyana cewa UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, ce ke da iko da hoton filin. Gaskiya ne, sai dai hakan bai hana ta yankewa da wuri ba. A ganina aikin da waɗannan 'yan wasa suka yi da jikinsu aikin darakta ne, kuma bai kamata a bar wa mutanen da ke tsoron abokinsu ya mutu a gabansu su riƙa tunanin inda kyamara take ba.

Ƙa'idojin da gidajen talabijin masu hankali ke bi ba su da yawa. A ja kyamara baya a nuna fili daga nesa. Kada a yi ta maimaita faɗuwar. Kada a nemi fuskar iyali a cikin taro. Mai sharhi ya faɗi abin da aka tabbatar kawai, kada ya zama likita, idan babu sabon bayani ya ce babu. A daren Hamlin tashar ESPN ta fi kusa da wannan: ta riƙa tafiya talla da ɗakin sharhi, ta kuma daina maimaita karon da aka fahimci girman lamarin. Duk da haka an faɗa a iska cewa an ba 'yan wasa minti biyar su motsa jiki a ci gaba, maganar da NFL ta musanta daga baya. Jimla ɗaya irin wannan ta isa ta tayar da ƙura a intanet kafin a san gaskiyarta.

Akwai masu cewa nuna komai yana da amfani, domin bayan Eriksen da Hamlin mutane da yawa sun nemi koyon danna ƙirji. Ba na musun haka. Amma labarin ne ya ja su, kuma ana iya ba da labarin sarai ba tare da an nuna fuskar mutumin da ba ya cikin hayyacinsa, wanda ba a nemi izininsa ba. 'Ya'yansa da iyayensa ma suna gaban talabijin. Ko a tseren motoci na Formula 1, inda ake riƙe hoton hatsari har sai an tabbatar direba yana raye, direba Daniel Ricciardo ya fito fili ya soki yadda aka yi ta maimaita gobarar motar Romain Grosjean a Bahrain a 2020, alhali sauran direbobi suna jiran komawa kan titin.

Sai tambayar ƙarshe da tsarin ya kamata ya amsa: a ci gaba da wasa ko a tashi? UEFA ta ba Denmark zaɓi biyu, su ƙarasa a daren ko kuma washegari da tsakar rana. Sun dawo fili kafin awa biyu su cika, Finland ta ci 1-0, kocinsu Kasper Hjulmand kuma ya ce bai dace a ɗora wa 'yan wasa wannan zaɓi ba. Ina tare da shi. NFL ta dakatar da wasan Bills da Cincinnati Bengals, wanda Hamlin ya faɗi a cikinsa, daga baya ta soke shi gaba ɗaya. Da Tom Lockyer, kyaftin ɗin Luton, ya faɗi a Bournemouth a Disamban 2023 an tashi wasan, aka sake buga shi daga farko a watan Maris. Haka aka tashi wasan Fiorentina da Inter a Disamban 2024 da Edoardo Bove ya faɗi. Da alama hukumomi sun fara gane cewa jadawali yana iya jira.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne inda kyamarori suka yi ƙaranci: atisaye, wasan sada zumunci, ƙananan rukunai. Abdelhak Nouri na Ajax yana da shekara 20 lokacin da ya faɗi a wasan share fage da Werder Bremen a Austriya a Yulin 2017. An yi jinkirin gane cewa zuciyarsa ce, ƙwaƙwalwarsa ta samu lahanin da ba ya gyaruwa. A 2018 Ajax ta amsa cewa kulawar da aka ba shi a fili ta gaza, a 2022 kuma ta amince ta biya iyalinsa diyyar Yuro miliyan 7.85.