Ƙa'idojin da ke tafe da kuɗin tallafin makarantun firamare

Idan aka sanar a rediyo cewa wata hukumar ƙasashen waje ta ware miliyoyin daloli domin ilimin firamare, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne sababbin azuzuwa da benci da kwanon rufi. Wani kaso na kuɗin kan tafi can. Amma kaso mai tsoka ana ware shi ne don gyara yadda ake tafiyar da makarantun: tsara manufa, ƙidayar ɗalibai da malamai, sa ido, da bin sawun kuɗi. Kuma ba a sakin sa sai an cika ƙa'idoji.

Mu ɗauki asusun haɗin gwiwar ilimi na duniya da aka fi sani da GPE, wanda aka kafa a 2002 da wani suna, ya koma wannan sunan a 2011. A tsarin da ya yi aiki da shi daga 2015, ƙasar da ke neman tallafi sai ta kawo shirinta na ilimi a rubuce, na shekaru masu zuwa, da lissafin abin da zai ci. Sai ta nuna tana da alƙaluman da za a dogara da su, ko hanyar samar da su. Sannan ta yi alkawarin zuba nata kuɗin, wato kasafin ilimi ya kai kashi 20 cikin 100 na kasafin ƙasa, ko a ga yana hawa zuwa can. Ko an cika waɗannan, kashi 70 cikin 100 na tallafin ake tabbatar wa ƙasa. Sauran 30 sai an ga sakamako. An yi wa tsarin kwaskwarima daga baya, amma har yanzu ana duba shiri da alƙaluma da kuɗin cikin gida.

Sharaɗin kuɗin cikin gida yana da dalili mai ƙarfi. In babu shi, gwamnati za ta iya karɓar na baƙi ta janye nata, yaro ya tashi a tutar babu. A Najeriya ma akwai irinsa a dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004: ana cire kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya a ba hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, amma jiha ba ta taɓa kasonta na ayyuka sai ta ajiye kwatankwacinsa. Shi ya sa ake yawan jin biliyoyin naira na kwance a Abuja jihohi ba su ɗauka ba, alhali yara na zaune a ƙasa. Wannan abin takaici ne, kuma ba laifin mai ba da tallafi ba ne.

Ta hanyar GPE ne jihohin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Sakkwato suka samu dala miliyan 100 a shirin tallafa wa ilimin firamare na NIPEP, Bankin Duniya na kula da kashe ta. Abin da ya bambanta shirin shi ne an riƙa tura ƙananan kuɗi kai tsaye zuwa asusun makarantu, kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, ya zauna da hedimasta su yanke abin da za a yi da su, ko gyaran ƙofa ne, ko alli da littattafai.

Inda batun ya fi zafi shi ne shirin BESDA na shigar da yara makaranta, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2017 kan dala miliyan 611, domin jihohi 17: duk na arewa maso yamma da arewa maso gabas, haɗe da Neja da Oyo da Ebonyi da Ribas. Abu biyu ya kamata kowa ya sani. Wannan kuɗi lamuni ne mai sauƙin ruwa, za a biya shi, kuma yaran da aka ciwo shi dominsu suna cikin masu biya. Na biyu, biyan ya rataya ne a kan sakamako, yadda ake yi da birkila: sai gini ya kai linta, an zo an gani, a ba shi na gaba. Jiha ta rage yaran da ba sa zuwa makaranta, ta inganta koyon karatu, ta gudanar da ƙidayar makarantu ta shekara, a tantance, sannan kuɗi ya fito.

A ganina tsarin ya fi na da, lokacin da ake nuna rasit kawai a wuce. Amma yana da rami. Idan kan yaro ya zama kuɗi, rajista kan kumbura. A ce hedimasta na cike fom ɗin ƙidaya, a littafinsa aji uku na da suna 90, waɗanda ke zaune a gabansa ba su kai rabi ba, wasu na talla, wasu na gona. Wace lamba zai rubuta, bayan ya san abin da ofishin sakataren ilimi ke son gani? Daga wannan fom ɗin ake raba malamai da littattafai, kuma da shi ake neman kuɗi. Rubuta suna abu ne mai sauƙi. Yaro ya zauna har ya iya karanta jimla da Hausa, wannan shi ne aikin, kuma shi ya fi wuyar aunawa.

Uba ko uwa na da damar halartar taron da kwamitin SBMC ya kira, su tambayi nawa ya shigo asusun makaranta, me aka saya, su nemi a karanto musu shirin raya makarantar na bana. Su kuma leƙa aji ranar Litinin da safe, su gwada sunayen da ke rajista da yaran da ke zaune.