Mene ne launch screen, kuma me ke sa hotonsa ɓacewa a iPad da tabilet?

Ka taɓa lura idan ka danna WhatsApp ko Facebook, kafin saƙonni su fito akwai wani allo da ke ɗan leƙowa na sakan ɗaya ko ma ƙasa da haka, da tambarin manhajar a tsakiya? To shi ne masu haɗa manhaja ke kira launch screen, 'yan Android kuma sun fi cewa splash screen. Ni dai allon farawa nake ce masa, kuma haka zan ci gaba da kiransa a nan.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, har da waɗanda suka daɗe suna rubuta kod, shi ne wannan allon ba manhajarka ce ke nuna shi ba. A lokacin da yake fitowa ko layi ɗaya na kod ɗinka bai fara aiki ba, ana can ana loda manhajar cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Tsarin wayar ne da kansa, wato iOS ko iPadOS ko Android, yake zuwa ya duba takardun da ka haɗo da manhajar, ya ɗauki hoton da ka ce a nuna, ya ɗora a allo don kar mai na'ura ya zauna yana kallon baƙi ƙirin ya ɗauka abin ya lalace. Kamar dai ka je gidan mutum yana wanka ne, yaron gida ya shimfiɗa maka tabarma a zaure. Idan ka zo babu tabarma ai ba banɗaki za ka je bincike ba. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga mutum ya kwana yana tona kod ɗinsa yana neman dalilin ɓacewar hoton, alhali matsalar tana cikin sunan fayil ko saitin aikin.

A ɓangaren Apple abin yana da tarihi, kuma sanin tarihin na taimakawa sosai don har yanzu za ka ci karo da tsofaffin ayyuka da aka gada. Da farko hoto ɗaya tak ake sawa, sunansa Default.png, shi ke nan. Da iPad ta fito a 2010 sai lissafi ya canza, domin ita ana riƙe ta a tsaye ana kuma riƙe ta a kwance, allonta 1024 da 768, sai ya zama kana buƙatar Default-Portrait.png da Default-Landscape.png, wani lokaci ma da ~ipad a ƙarshen sunan. A 2012 aka fito da iPad mai allon Retina, 2048 da 1536, aka ƙara wasu hotunan masu @2x. A shekarar nan dai iPhone 5 ta zo da dogon allo, duk manhajar da ba ta da fayil mai suna Default-568h@2x.png sai ta buɗe da baƙin zane sama da ƙasa. Ka ga a nan hoton ba ado ba ne kawai, da shi tsarin ke gane cewa manhajarka ta san da zaman wannan girman allon. Wannan maganar ka riƙe ta, za mu dawo kanta.

Da girman alluna ya yi yawa, bin kowanne da hotonsa ya zama wahala, sai a 2014 tare da iOS 8 aka kawo hanyar zana allon farawa sau ɗaya a fayil guda, wanda yanzu a Xcode, manhajar Apple ta haɗa manhajoji, ake gani da suna LaunchScreen.storyboard, shi yake miƙewa ya dace da kowane allo. A 2015 iOS 9 ta kawo raba allon iPad gida biyu, manhaja biyu gefe da gefe, kuma sharaɗin shiga wannan tsarin shi ne sai kana amfani da sabuwar hanyar, don babu yadda za a yi hoto mai ƙayyadadden girma ya dace da tagar da mutum ke ja yana faɗaɗawa da yatsa. Daga 2020 kuwa Apple ta daina karɓar tsohuwar hanyar a App Store, sannan a iOS 14 ta ƙara wata mai sauƙi, ka rubuta UILaunchScreen cikin Info.plist, fayil ɗin saitin manhajar, ka ba shi sunan launi da sunan hoto kawai.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Idan hoton ya ɓace a iPad, kar ka fara taɓa komai sai ka kalli irin ɓacewar da ya yi, don ba iri ɗaya ba ce.

Idan allon gaba ɗaya baƙi ne, babu launi babu tambari, to tsarin bai ma samu fayil ɗin allon farawar ba. Buɗe Info.plist ka duba UILaunchStoryboardName, sunan da ke wurin ya zama daidai da sunan fayil ɗin harafi da harafi. Sannan ka shiga fayil ɗin kansa ka tabbatar an ɗora alamar Is Initial View Controller, wato ka ga 'yar kibiyar nan tana nuna shafin daga hagu, idan babu ita tsarin bai san daga ina zai fara ba. Ka kuma duba ko fayil ɗin yana cikin abubuwan da ake haɗawa da manhajar, wurin da aka rubuta Target Membership a gefen dama, don sau da yawa idan aka kwafo fayil daga wani aikin wannan akwatin yakan zo babu alama, kana ganin fayil ɗin a Xcode da idonka amma bai shiga cikin manhajar ba.

Idan kuma launin baya ya fito, tambarin ne kawai babu, to an samu fayil ɗin, hoton ne aka nema aka rasa ko aka kasa lodawa. Wannan ita ce ta taɓa cin min kwana biyu. Wata manhajar karatun yara ce na haɗa wa wata makaranta da ke da 'yan iPad guda shida, a simuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon iPad a kan kwamfutata, komai tsaf, koren launi da tambari a tsakiya, amma ranar da na je na sa a na'urar gaske sai kore kawai, tsakiyar wayam. Na sake zana hoton, na rage shi, na ƙara shi, shiru. Sai a dare na biyu, wuta ta ɗauke ina aiki da sauran cajin da ya rage, na tsaya ina karanta sunayen fayilolin ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan allo, sai na ga fayil ɗin sunansa Tambari.png da babban T, ni kuma a ciki na rubuta tambari.png da ƙarami. Kwamfutar Mac a yadda take zuwa ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, shi ya sa simuleta ta yi min kara, ita kuwa iPad ta gaske tana bambantawa, a wurinta waɗannan sunaye biyu ne daban. Tun daga ranar sunayen hotunana duk da ƙananan baƙaƙe nake sawa, babu tazara a tsakiya, kuma ba na sa ƙ ko ɗ ko ɓ a sunan fayil duk da ina son su a rubutu.

To na gyara sunan, na sake turawa, wallahi hoton bai fito ba. Nan ne mutum yake fara shakkar gyaran da ya yi daidai, ya koma ya ɓata shi. Dalili kuwa shi ne iPad ba kullum take sake zana allon farawa ba, takan zana sau ɗaya ta ɗauki hotonsa ta ajiye a wata folda mai suna SplashBoard, duk buɗewar da za ka yi wannan ajiyayyen take ɗauko maka don sauri. Kai ka gyara, ita tana nan da tsohon. Maganinsa ka goge manhajar daga na'urar gaba ɗaya, ka kashe na'urar ka kunna, a Xcode ka danna Shift da Command da K don share tsohon gini, sannan ka sake turawa. Kashewa da kunnawar nan kar ka tsallake ta, ita mutane ke ƙyuyar yi kuma sau da yawa ita ce maganin. Idan ta ƙi duk da haka, canza wa hoton suna zuwa sabo fil, ka gyara inda ka kira shi.

Akwai kuma girman hoto, wanda ya fi damun masu tabilet fiye da masu waya. Mutum zai ce ai hotona kilobait ɗari biyar ne kacal, amma wannan girmansa ne a matse, idan za a nuna shi sai an warware shi, kowane ɗigo ya ci bait 4. Ɗauki allon iPad Pro mai inci 12.9, 2732 da 2048, ka ninka za ka samu ɗigo sama da miliyan 5 da rabi, ka sake ninkawa da 4, ka ga hoto ɗaya ya haura megabait 22. Allon farawa kuma yana da iyakar ƙwaƙwalwar da aka ware masa, idan ka wuce ba wani saƙon kuskure da za ka gani, hoton ne kawai ba zai fito ba. Shi ya sa za ka ji mutum na cewa a iPhone yana fitowa a iPad ne kawai ba ya fitowa. A ganina ma babu dalilin shimfiɗa hoto ya cika allo, sa launi a baya, ka ɗora ƙaramin tambari a tsakiya, ya wadatar.

Har ila yau a kan "a iPad ne kawai", ka buɗe Assets.xcassets, ma'ajiyar hotunan aikin, ka kalli gurabun hoton. Idan an saita shi na iPhone kaɗai, ko an buɗe gurbin iPad an bar shi babu komai, to ga amsarka nan, mayar da shi Universal ka huta. Sai kuma ka juya na'urar a kwance ka gwada, don idan ba ka ɗaure tambarin a tsakiyar allo da ƙa'idojin jeri ba, yana iya kasancewa yana nan lafiya lau amma ya zame can gefe inda ido ba ya kaiwa. Idan kuwa manhajar ta buɗe 'yar ƙarama a tsakiya da baƙi zagaye da ita, ko komai ya kumbura ya yi dishi-dishi, maganar da na ce ka riƙe ce ta dawo, ko dai ba ka zaɓi iPad cikin na'urorin da manhajar ke tallafawa ba, ko tsarin bai ga allon farawa na zamani ba sai ya ɗauke ta tsohuwa ya miƙar da ita.

Kuma tunda kod ba ya aiki a wannan lokacin, duk abin da ya dogara da kod ba zai fito ba. Ba za ka haɗa shafin da wani aji na kod (class) da ka rubuta ba, Xcode ma zai ƙi gina aikin. Ba za ka ɗauko hoto daga intanet ba. Salon rubutu na musamman da ka shigo da shi ma ba abin dogaro ba ne a nan, ka rubuta Barka da zuwa da wani kyakkyawan salo ka ga ya koma na gama-gari. Ita Apple shawararta ma a guji rubutu a wurin, allon ya yi kama da shafin farko na manhajar yadda mutum zai ji kamar nan take ta buɗe, kuma na yarda da su.

Wani abu da ake rikitawa da wannan: allon farawa ya fito daidai amma ya tsaya ƙyam ya daɗe, can sai manhajar ta rufe da kanta. Wannan ba matsalar hoto ba ce, kod ɗinka ne ya yi nauyi wajen tashi har mai gadin tsarin ya kashe ta, a rahoton faɗuwar za ka ga lamba 0x8badf00d.

A Android labarin ya ɗan bambanta. Da can dabara ake yi, a sa hoto a windowBackground na jigon manhajar, wato theme, inda ake saita launi da kamanninta. Daga Android 12 da ta fito a 2021 tsarin da kansa yake sa wa kowace manhaja allon farawa ko ka so ko ka ƙi, yana ɗaukar tambarin manhajar ya sa a tsakiya, shi ya sa waɗanda ke kan tsohuwar dabara suka wayi gari hotonsu ya ɓace ko kuma allo biyu na fitowa a jere. Gyaran shi ne ka koma laburaren core-splashscreen, ka saita windowSplashScreenAnimatedIcon da windowSplashScreenBackground, ka kira installSplashScreen kafin super.onCreate. Ka sani kuma da'ira ake yanke tambarin, a fili mai 288dp (dp ma'aunin girma ne a allon Android) abin da ke cikin da'irar 192dp ne kawai zai tsira, dogon tambari mai rubutu gefe da gefensa zai tafi.

Abin da ya shafi tabilet kai tsaye shi ne foldodin nan masu laƙabi. Android na zaɓar kaya ne bisa girman allo, values-sw600dp na tabilet mai kamar inci 7 zuwa sama, sw720dp na masu inci 10, ga land na kwance, ga night na yanayin duhu. Idan wani ya taɓa ajiye kwafin jigon a values-sw600dp shekarun baya, kai kuma ka zo ka yi gyaranka a values kaɗai, waya za ta ga sabon, tabilet kuma ta ci gaba da karanta tsohon da ba shi da tambari. Bincika sunan jigon a duk aikin ka ga sau nawa ya fito. Yanayin duhu ma haka, baƙin tambari a kan baƙin baya yana nan, ganinsa ne ba a yi. Masu Flutter da React Native, kayan haɗa manhaja ɗaya ta yi aiki a iOS da Android, kar ku ce ba ruwanku, a ƙarƙashi waɗannan fayilolin dai ake taɓawa, LaunchScreen.storyboard a foldar ios, jigo da launch_background.xml a foldar android idan Flutter ce.

Sannan ka lura da yadda kake gwajin. A Android 12 idan ka tura manhaja kai tsaye daga Android Studio, manhajar da ake haɗa na Android da ita, tambarin kan ƙi fitowa a wannan buɗewar ta farko, launi kawai za ka gani, ba laifinka ba ne. Haka idan manhajar tana nan a buɗe a baya ka dawo mata, ba za a nuna allon farawa ba sam don babu abin jira. Share ta daga jerin manhajojin da ke buɗe, koma fuskar tabilet ɗin, danna tambarinta da yatsanka kamar yadda mai ita zai yi, sau ɗaya a tsaye sau ɗaya a kwance.