Ma'anar "almajiranci" a bakin Kiristocin Jos

Duk wanda ya ji an ce wani matashi ya tafi almajiranci, allo da tsangaya ne za su fara faɗo masa a rai, amma a majami'un Jos kalmar ta daɗe da yin wani gida na daban. Asalinta Larabci ne, almuhajir, wato wanda ya baro garinsu, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, da sunan almajirai yake kiran mutum goma sha biyun nan da suka bi Yesu. Saboda haka idan Kirista ya ce almajiranci, yana nufin mutum ya zauna a hannun wanda ya riga shi a bangaskiya, yana koyon hali da aiki a lokaci guda.

A yau ana kuma kiran wani shiri da wannan suna, inda ikilisiya ko ƙungiyar bishara ke karɓar samari da 'yan mata, galibi waɗanda suka gama sakandare ko bautar ƙasa, su zauna wuri ɗaya na wasu watanni, da safe addu'a da nazarin Littafi, da rana kuma hidima a makaranta ko asibiti ko gidan marayu. Jos kuwa ta saba da irin waɗannan baƙi, domin a nan hedikwatar ikilisiyar ECWA da ta ikilisiyar COCIN suke, ga kuma makarantar tauhidi ta TCNN a Bukuru da ke horar da masu hidima tun 1959.

Abin da na fi so mai karatu ya lura da shi yana cikin Littafi Mai Tsarki, a Markus 3:14, inda aka nuna cewa Yesu ya zaɓi sha biyun ne domin su kasance tare da shi, sannan ya aike su wa'azi. Zama ne ya riga aike, shi ya sa nake ganin ranar tarbar baƙo ita ce darasin farko. Na ga wata yarinya da ta iso daga Kaltungo cikin sanyin Disamba, da jaka ɗaya, ba ko rigar sanyi, sai wata dattijuwa daga zumuntar mata ta yafa mata bargo, ta ajiye mata kwanon gwate mai tururi, ta ce, "Sannu da hanya, 'yata, nan ma gida ne." Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Na gode, Mama," kuma sai da ta ƙoshi ta yi barci aka yi mata maganar aiki.

Inda ake ɓata kalmar shi ne a mayar da matasan nan ma'aikatan kyauta, su share majami'a, su jera bencina, wata uku ya wuce babu dattijon da ya san sunan ƙauyensu, abin da ke damuna ƙwarai. Shara hidima ce mai daraja, amma ba ta zama almajiranci sai da babba a gefe, mai gyara kuskure, mai cin tuwo kwano ɗaya da yaron. Haka manzo Bulus ya yi da almajirinsa Timoti: ya ɗauko shi daga Listira, ya yi tafiye-tafiye da shi shekara da shekaru yana kiransa ɗansa, kafin ya bar masa ikilisiyar Afisa a hannu.